Bayan Ganuwa: Yadda Ake Duba Lafiyar Tsohon Dam Na Ƙasa

Duk wanda ya je bakin tafkin shaƙatawa, ruwa yake kallo. Mai ƙugiya na jiran kifi, yara na fantsama a gaɓa, wani can yana tuƙa kwalekwale. Da wuya a ga wanda ya zagaya ta baya ya dubi tarin ƙasar da ta tare wannan ruwa. Su kansu masu wurin, idan shekaru suka ja, ganuwar takan koma musu wani tudu mai ciyawa da inuwa. An manta hannu ne ya tara ta, kuma tun ranar da tafkin ya cika ruwa yake laluben hanyar fita, ba dare ba rana.

Irin wannan dam da aka yi da tarin ƙasa akan kira shi ƙarami, amma kada kalmar ta ruɗe ka. Tafki mai faɗin hekta 2 da matsakaicin zurfi na mita 3 yana ɗauke da ruwa kubik mita 60,000, kuma kowace kubik mita nauyinta tan ɗaya ne. Idan wannan ya gangaro cikin kwari a ƙasa da awa guda, ba ruwansa da gidan waye a gabansa.

Ranar 31 ga Mayu, 1889, dam ɗin South Fork a jihar Pennsylvania ta Amurka ya ɓalle, ruwan ya afka wa garin Johnstown, mutum 2,209 suka rasu. Tafkin na wani kulob ne na attajirai masu kamun kifi da farauta, cikinsu har da Andrew Carnegie. Abin lura shi ne abubuwan da aka yi wa ganuwar kafin wannan rana. An rage tsayin doronta don kekunan doki su samu faɗin wucewa. An sa raga a mafitar ruwa don kada kifi ya gudu. Bututun ƙarfen da ake rage ruwa da su kuwa tuni aka cire, ba a mayar ba. Ba da mugun nufi aka yi ko ɗaya ba, neman jin daɗi ne da sauƙi, kuma irinsu ake yi wa ƙananan dam har gobe.

Fara da takarda kafin ka sa takalmi

Nemo duk abin da aka taɓa rubutawa a kan dam ɗin: shekarar gini, zanen injiniya, wanda ya yi aikin, gyaran da aka yi daga baya. Tsofaffin ƙananan dam da yawa ba su da ko takarda ɗaya, mai katafila ne ya turo ƙasa ya kama gabansa. In haka ne, nemi waɗanda suka daɗe a wurin ka tambaye su. Ruwa ya taɓa haurawa ta kan doro? An taɓa ƙara wa ganuwar tsayi? Akwai bututu binne a cikinta, kuma da me aka yi shi? Tambayar ƙarin tsayi tana da nauyi, domin inda sabuwar ƙasa ta hau kan tsohuwa ba tare da an daddaɓe su sun kama juna ba, nan ruwa ke samun layin bi.

Daga nan ka bincika abin da dokar wurinka ta ce. A Ingila, dokar 1975 ta ɗora sa ido na injiniya a kan tafkin da ke riƙe da ruwa fiye da kubik mita 25,000 sama da ƙasar da ke kewaye da shi. A Amurka, inda rajistar ƙasa ta ƙunshi dam fiye da 90,000, jihohi ne ke kula da yawancinsu, kowace da ma'auninta. Ko da naka bai kai girman da doka ta ambata ba, a ƙasashe da yawa ɓarnar da ruwan ya yi a wuyan mai dam take.

Sai ka bi rafin da ke ƙasan dam ɗin da ƙafa, kilomita biyu ko uku, kana ƙirga gidaje da hanyoyi da gadoji da duk inda mutane ke kwana. Injiniyoyi suna karkasa haɗarin dam ne bisa abin da zai faru idan ya ɓalle, ko da kuwa lafiyarsa ƙalau a yau. Dam da aka gina a cikin daji shekara hamsin da suka wuce, yanzu ana iya samun unguwa guda a ƙarƙashinsa. Ganuwar tana nan yadda take, amma lissafin ya canja gaba ɗaya.

Share, domin ka gani

Ba a duba abin da ba a gani. Ganuwar da sarƙaƙiya ta rufe tana iya yin yoyo shekara da shekaru ba wanda ya sani. Abin da ake so a jikinta shi ne gajeriyar ciyawa mai kauri, wadda ake yankewa aƙalla sau biyu a shekara, daga doro har zuwa 'yan mitoci gaba da gindinta.

Maganar itatuwa ce ke jawo gardama, domin su ne ƙawar wurin, kuma mutane sun yi imani saiwa tana riƙe ƙasa. A gaɓar kogi haka ne. A jikin dam kuwa saiwa ruwa take nema, tana kutsawa ta inda yake. Ranar da itacen ya mutu, saiwar ta ruɓe, ta bar kafa mai tsawo a cikin ganuwa. Idan kuma iska ta tumɓuke shi, da ɓangaren ganuwar yake tafiya. Ƙananan itatuwa, waɗanda kaurinsu bai kai santimita 15 ba, ana sare su daidai da ƙasa, a ci gaba da lura da wurin. Manya kuwa kada ka yi gaggawar sa musu gatari. Sare babban itace a bar kututturensa ya ruɓe a ciki ya fi barinsa a raye muni. Aikinsa shi ne a rage ruwan tafki, a tono kututture da manyan saiwoyi, a cike ramin da ƙasa mai kyau hawa-hawa ana daddaɓewa, kuma injiniya na tsaye.

Dabbobi masu haƙa rami, irin su gafiya da sauran danginta, da gara inda take, suna yin ɓarna makamanciyar wannan. Ramin da ka gani a baya mai yiwuwa yana da ɗan'uwa a fuskar ruwa, tsakaninsu 'yar ƙasa ce kaɗan. A kori dabbar tukuna, sannan a tona ramin a cike shi da kyau, ba a tura dutse a baki a ce an gama ba. Shanu ma a tsare su daga hawa, domin kofatonsu na kashe ciyawa, turbarsu kuma ita ke zama kwazazzabo.

Zagayen duba

Ka tanadi littafi da biro, waya mai kyamara, tef na awo, sanda mai tsini, bokitin da ka san yawan litarsa, kwalba mai haske, da 'yan turaku. Ku je ku biyu. A kafa sanda mai lambobi a cikin tafkin inda za a iya karantawa daga gaɓa, domin duk abin da za ka rubuta ba shi da ma'ana idan ba a san tsayin ruwa a ranar ba. Zagaye sau ɗaya a wata ya wadatar a lokacin da babu komai, amma a ƙara ɗaya kafin damina, ɗaya bayan kowane ruwa mai ƙarfi, da kuma bayan girgizar ƙasa inda ake yinta.

Fara da doro. Tsaya a ƙarshensa, ka durƙusa, ka kalli tsawonsa da ido a ƙasa-ƙasa. Inda ya lotsa zai bayyana. Wannan lotsawa ita ce ainihin tsayin dam ɗinka, domin ta nan ruwa zai fara haurawa, ko da sauran wurin ya fi ta da rabin mita. Nemi tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma tsaga iri-iri ce. Ƙanana masu kama da saƙar gizo da ke fitowa da rani bushewar yumɓu ce, ba abin tashin hankali ba. Wadda ta bi tsawon ganuwa, musamman idan gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, alama ce gangaren na shirin zaftarewa. Wadda ta yanke ganuwar a kwance, daga ɓangaren ruwa zuwa baya, ita ce mafi muni, domin buɗaɗɗiyar hanya ce ruwa ke jira ya kai gare ta. Zura sanda ka ga zurfi, auna faɗi da tsawo, kafa turaku biyu a gefe da gefe ka auna tazararsu. Idan bayan mako tazarar ta ƙaru, tsagar na raye.

Fuskar da ke kallon ruwa ba ta cin lokaci. Dubi inda igiyar ruwa ke duka, ko ta yi wa gangaren matakala, ko duwatsun da aka jera don kariya sun zame. Dubi ramukan dabbobi daidai bakin ruwa. Idan ka ga ruwa na juyawa wuri ɗaya kamar a cikin mazurari, nesa da bakin bututu, ajiye littafin ka kira mutane, domin tafkin na zurarewa ta cikin ganuwa.

Bayan ganuwa nan ne aikin yake. Kada ka miƙe a layi ɗaya. Bi shi a karkace, sama da ƙasa, yadda ƙafarka za ta taka kusan ko'ina. Ƙafa takan riga ido ganewa: inda ƙasa ta yi laushi, inda takalmi ya nutse. Lura da wurin da ciyawa ta fi kore alhali kewayenta ya bushe, ko inda ciyawar fadama ta tsiro a tsakiyar gangare. Lura da kumburi a ƙasa-ƙasa, domin ƙasar da ta zame daga sama a nan take taruwa. Ka bi kwanar da ganuwa ta haɗu da tudu ta dama da ta hagu, sannan ka bi gindinta tun daga farko har ƙarshe, ka ƙara gaba cikin filin da ke ƙasa.

Yoyo: wanda ake zama da shi da wanda ake gudu

Babu dam na ƙasa da ruwa ba ya ratsawa. Ƙasa ba ƙarfe ba ce, ruwa na bi ta tsakanin ƙwayoyinta a hankali, kuma mai zane ya san da haka. Don haka ganin danshi a gindin ganuwa kaɗai ba ya nufin ta lalace. Tambayoyi uku ne ke raba gardama: ruwan na ɗauke da ƙasa? Yana ƙaruwa? A ina yake fitowa?

Ta farko ita ce babba. Tara ruwan a kwalba ba tare da ka dama wurin ba, ka ajiye ta a kan dutse, ka ci gaba da zagayenka. Bayan rabin awa ka dawo ka ɗaga ta saitin rana. Idan garau take har ƙasa, madalla. Idan ka ga wani siririn layi ya kwanta a gindin kwalbar, zubar da ruwan a hankali ka murza abin tsakanin yatsu. In ka ji gurzar yashi ko santsin yumɓu, to jikin ganuwarka ne ke fita kaɗan-kaɗan. Wani lokaci ruwan kan zo da wani abu ja mai yauƙi kamar tsatsa, wannan yawanci sinadarin ƙarfen cikin ƙasa ne, ba lallai zaizaya ba, amma a rubuta shi. Ka kuma duba bakin inda ruwan ke fitowa: tarin lallausan yashi mai kama da ɗan gidan tururuwa shaida ce ko da ruwan ya yi haske a lokacin da ka zo.

Yadda abin ke aiki shi ne, zaizayar tana farawa ne daga inda yoyon ke fitowa, ta baya. Ruwa ya ɗauke ƙwaya ɗaya, ya samu sarari, ya ƙara gudu, ya ɗauke goma. Kafar tana cin gaba tana nufar tafki, kamar ana haƙa rami daga waje zuwa ciki. Tana iya shekaru tana rarrafe. Amma ranar da ta isa ga ruwa, sauran aikin na awoyi ne. Dam ɗin Teton a jihar Idaho ta Amurka, wanda sabo ne fil kuma tsayinsa ya haura mita 90, an ga yoyo mai laka a jikinsa da safiyar 5 ga Yuni, 1976, kafin azahar ya ɓalle, har katafilolin da aka tura su toshe ramin suka faɗa ciki. Mutum 11 suka mutu.

Ta biyu, awo. Tattara yoyon ya bi ta ɗan guntun bututu, ka tara bokiti kana duba agogo. A ce bokiti mai lita 10 ya cika a daƙiƙa 50, wato lita 12 a minti. Wata mai zuwa, tsayin tafki bai canja ba, ba a yi ruwan sama ba, amma ya cika a daƙiƙa 30, wato lita 20. Wannan ƙari shi ne labarin, kuma ido kaɗai ba zai taɓa kama shi ba. Yoyon da ke hawa da sauka tare da tafki abu ne da aka saba. Wanda ke hawa shi kaɗai, ko wanda ya tsaya cak ba dalili, duka biyu a kira injiniya.

Ta uku, wuri. Danshi a gindi ya fi sauƙi. Ruwan da ke fitowa a tsakiyar gangare ko sama da haka yana nuna cikin ganuwar ya jiƙe fiye da kima, kuma jiƙaƙƙen gangare zaftarewa yake yi. Ruwan da ke bin jikin bututu ta waje shi ma babban gargaɗi ne.

A nan ne masu dam suka fi yin kuskure, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hankali na cewa a toshe inda ke yoyo da yumɓu ko siminti. Kada ka yi. Ruwan da ka hana fita bai koma tafki ba, yana taruwa a ciki, ƙarfinsa na ƙaruwa, zai ɓulla a wani wuri ko ya tunkuɗe gangaren. Abin da ake yi shi ne a bar ruwa ya wuce a tsare ƙasa: a shimfiɗa yashi mai tsabta a kan wurin, a ɗora tsakuwa, a danne da duwatsu. Idan kuma ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa a gindin ganuwa yana tafasa da yashi, a kewaye shi da buhunan yashi kamar bakin rijiya, a yi ta ƙara tsayi har ruwan da ke malalowa ya yi haske. A nan za a tsaya, ba sai ya daina gudu ba. Duk wannan taimakon farko ne kafin injiniya ya iso. Toshewa ta gaskiya daga ɓangaren ruwa ake yinta.

Mafitar ambaliya

Ƙasa ba ta jure ruwa ya bi ta kanta. Da zarar ya haura doro, sai ya fara ci daga baya, ya yanka ƙaramar kafa, kafar ta zama ƙofa. Haurawar ruwa da zaizayar ciki su ne manyan abubuwa biyu da ke kashe dam na ƙasa a duniya, kuma abin da ke tsare na farko shi ne mafita mai isasshen faɗi.

Ga lissafi mai sauƙi. Ruwan sama milimita 100 a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya kubik mita 100,000 ne. Ko rabinsa ne ya gangaro, ya kusa cika wancan tafki namu tun daga ƙasa, alhali ya tarar da shi a cike. Idan kuma an yi gine-gine da kwalta a saman kwarin bayan an gina dam, ruwan zai fi yawa kuma zai fi saurin isowa fiye da yadda mai zane ya ƙiyasta.

Don haka ka tsaya a mafitar ka tambayi kanka me aka ƙara mata. Raga don tsare kifi, katako ko jerin bulo don ruwa ya ƙara hawa saboda kwalekwale, hanyar mota da aka cike da ƙasa, shinge, rumfa: duk a cire. Raga ba ta da laifi da rani, amma ranar ambaliya ganye da rassa ke toshe ta cikin mintuna. A tsibirin Kauai na Hawaii, dam ɗin Ka Loko ya ɓalle ranar 14 ga Maris, 2006, bayan makonni ana ruwa, mutum 7 suka mutu, kuma bincike ya nuna an cike mafitarsa da ƙasa.

Idan mafitar ta ciyawa ce, nemi inda zaizaya ta yi tsalle tana cin baya tana nufo tafki. Idan ta kankare ce, duba mahaɗar falle da falle, ko ciyawa ta tsiro a ciki, ka ƙwanƙwasa da guduma ka saurara. Amon ganga na nufin ƙasar da ke ƙarƙashi ta tafi. A watan Agusta na 2019, fallayen kankare na mafitar tafkin Toddbrook a Ingila suka rufta, aka kwashe kimanin mutum 1,500 daga garin Whaley Bridge, jirage masu saukar ungulu na sojoji suka yi ta jefa buhunan tsakuwa a wurin.

Bututu da bawul

Sau da yawa bututun da ya ratsa ganuwa shi ke fara mutuwa, domin ƙasa na iya kai shekara ɗari, ƙarfe kuwa ba ya kaiwa. Wanda aka yi da kwanon ƙarfe mai tudu da kwari, irin na kwalbati, tsatsa ta ƙasansa take fara ci, inda ido ba ya kaiwa. Da ya huje, ƙasar ganuwa ta riƙa zubowa ciki ruwa na tafiya da ita, har wata rana rami ya rufta a doro daidai saitinsa. Je bakin da yake zubarwa, haska tocila, kwatanta ruwan da ke shiga da wanda ke fita. In na fita ya fi yawa ko ya fi duhu, akwai ɓaraka a tsakiya. Kada kowa ya rarrafa ciki, iskar wurin na iya kashe mutum. Akwai kyamarar da ake turawa don wannan aiki. Idan bututun bai lanƙwashe ba, ana iya zura masa sabo na roba mai kauri a cike tsakaninsu da ruwan siminti. In ya riga ya lotsa, sai an yanka ganuwar an canja shi.

Duba kuma inda bawul yake, wato abin da ake buɗe bututun ko rufe shi da shi. Idan a bakin baya aka sa shi, to bututun cike yake da ruwa mai ƙarfi dare da rana a cikin ganuwa, kuma ƙaramin huji ya isa. Wurinsa na daidai shi ne ɓangaren tafki. Bawul na son a riƙa buɗe shi ana rufewa aƙalla sau ɗaya a shekara. Amma wanda ya shekara ashirin ba a taɓa ba, kada ka sa masa ƙarfi kai kaɗai, yana iya buɗewa ya ƙi rufuwa. Dam da ba shi da hanyar rage ruwa sam, a tanadar masa bututun zuƙo da za a ɗora ta kan doro, ko injin ban ruwa.

Rage ruwa ma da ƙa'idarsa. Gangaren da ke cikin tafki a jiƙe yake, kuma ruwan ne ke tallafe da shi. Idan aka janye ruwan da sauri, ƙasar ba ta samu ta tsane ba, sai ta zame cikin tafki. Wasu ƙa'idoji na cewa kada a wuce santimita 30 a mako idan ba gaggawa. Ranar da ganuwa ke fitar da laka kuwa, rage ruwa da sauri shi ne ƙaramin haɗari.

Tunda wurin na shaƙatawa ne, a kewaye bakin bututu da mafita da igiya mai balan-balan da allon gargaɗi. Jan ruwa a wurin ya fi ƙarfin gwanin iyo.

Shirin ranar da ba a so

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dam ɗin Kelly Barnes a jihar Georgia, tsohuwar ganuwa mai tsayin kusan mita 12 wadda aka yi ta ƙara wa tsayi kuma itatuwa suka rufe, ya ɓalle da misalin ƙarfe 1:30 na dare ranar 6 ga Nuwamba, 1977. Mutum 39 suka mutu a harabar kwalejin da ke ƙasansa, a lokacin da jama'a ke barci. Kwatanta da Edenville a jihar Michigan, wanda gangarensa ya zaftare ranar 19 ga Mayu, 2020, tun ruwa bai haura doro ba. An kwashe kimanin mutum 10,000, an fara tun kafin ya ɓalle, kuma ba a rasa rai ba duk da ɗimbin dukiyar da ta salwanta.

Shirin bai wuce shafi biyu ba. Sunan wanda ke zuwa ya duba idan ana ruwa mai ƙarfi, da wanda zai maye gurbinsa in ba ya nan. Lambobin hukumar agajin gaggawa, injiniya, mai motar haƙa, da na kowane gida da ke ƙasa, an jera su daga mafi kusa. Tudun da za a gudu, da hanyar da ba ta ratsa rafi ba. Yashi da tsakuwa da buhuna a ajiye kusa, a inda ruwa ba zai tare hanyar ɗauko su ba. A rubuta ƙarara abubuwan da in an gani ba a jiran shawarar kowa: ruwa ya kusa doro kuma yana hawa, yoyo mai laka da ke ƙaruwa, rami ya rufta, gangare ya zame, ruwa na juyawa. Wanda ke wurin a ba shi ikon cewa a tashi. Tayar da mutane cikin dare a banza abin kunya ne na kwana ɗaya, kuma ni dai ban ga laifin wanda ya yi hakan ba.

Gyara, ragewa, ko rushewa

Zagayenka ba ya maye gurbin injiniyan da ya san aikin dam, wanda ya kamata ya zo duk bayan 'yan shekaru, kuma nan take idan ɗaya daga manyan alamun nan ta bayyana. Amma littafinka da hotunan da ka ɗauka daga wuri ɗaya wata bayan wata su ne abin da zai fara tambaya, domin shi rana ɗaya yake gani, kai kuwa ka ga shekara.

Yankan ciyawa, share mafita, cike 'yar zaizaya da korar dabbobi aikinka ne. Canja bututu, faɗaɗa mafita, kwantar da gangaren da ya yi tsaye da yawa, da sa matatar yashi a gindi aikinsa ne. Idan kuɗin babban gyara bai samu ba, akwai matsakaiciyar hanya: a sauke bakin mafita yadda tafkin zai zauna ƙasa da inda ya saba. Ƙarfin da ruwa ke tura ganuwa da shi yana tafiya ne da zurfi sau zurfi, don haka sauke ruwa daga mita 5 zuwa 4 yana rage turin da fiye da kashi ɗaya cikin uku, ga kuma sararin karɓar ambaliya. Masu kwalekwale za su yi gunaguni, a nuna musu kwalbar da aka tara ruwan yoyo a ciki.

Idan kuma tafkin ya cika da laka, masu amfani da shi sun ragu, babu mai ɗaukar nauyinsa, to a yi maganar rushe shi tun ana da zaɓi. Shi ma aikin injiniya ne da izinin hukuma. Ana zuƙe ruwan tukuna, a yanka ganuwar mataki-mataki har zuwa asalin gadon rafi da faɗin da ambaliya za ta wuce ba ta taru ba, a shuka ciyawa a kan lakar da ta bayyana don kada ruwan farko ya kwashe ta ya kai wa na ƙasa.